Abin da Likita Ya Ce

Likita ya yi wa Sha'aban bayani da Turanci: kansar mafitsarar mahaifinsa ta dawo. Magani ya kashe yawancinta, amma ƙwayoyin asali, masu haifar da sauran, sun ɓuya sun sake tsiro. Har ta shiga ƙashi.

"Me ya ce?" in ji mahaifin nasa, Baba Seini.

"Ya ce ka warke, Baba."

Tsohon ya yi hamdala.

Suna cikin motar haya ta trotro a hanyar unguwarsu, Moshi Zango, ya dafa gwiwar ɗansa.

"Zaman da na yi ina gyaran mota a Suame, na tsinci Turanci. Na ji shi sarai. In mun isa gida, ka faɗa wa uwarka yadda ka faɗa mini. Muryarka ko rawa ba ta yi ba."