Ranar da Mai Karanta Labaran Japan Ta Yi Ihu

Masawudu direban tasi ne a Catford, kuma duk 'yan zangon Gana da ke London sun san halinsa: labari ba ya kwana a bakinsa. Haihuwa, rasuwa, wanda ƙaramar hukuma ta ba gidan zama, shi ne zai fara jefawa a group ɗin dangi na WhatsApp. Har laƙabi aka yi masa, Rediyo. Shi kuwa gogan naka daɗi yake ji.

Ƙanensa Abdul-Samed yana Japan, a wani garin bakin teku, yana aikin kwance tsofaffin motoci. Ta dalilinsa Masawudu ya kamu da kallon tashar labaran Japan a waya, alhali ko kalma ɗaya ba ya ji. Natsuwarsu ce ke burge shi. Minista zai tafka abin kunya, a nuno shi ya sunkuya yana ba da haƙuri, mai karanta labarai kuma ta faɗa a hankali kamar mai lallashin jariri.

"Mutanen nan ko gidansu ke ci da wuta ba sa ɗaga murya," haka yake gaya wa fasinjoji, sai ka ce can aka yanke masa cibiya.

Wata safiya, yana sauke fasinja, saƙo ya shigo cewa an yi girgizar ƙasa a Japan. Ya faka a gefen titi ya buɗe tashar. Ya ƙura wa allon ido. Matar nan da ya saba gani a natse, yau ihu take yi, muryarta har rawa take. A gefenta taswira, bakin teku duk ya yi ja yana walƙiya, har da daidai wurin da Abdul-Samed ya taɓa nuna masa cewa nan yake zaune.

Ya kira ƙanen, waya ba ta shiga. Ya sake kira, shiru. Ana cikin haka wani ya turo bidiyo a wani group, ga baƙin ruwa yana tafiya da gidaje da motoci. Masawudu bai tambayi na yaushe ba ne.

"Tunda wannan matar ta yi ihu, ai an gama," ya faɗa wa kansa. Ya buɗe group ɗin dangi ya danna wurin ɗaukar murya.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Jama'a, teku ta cinye garin su Abdul-Samed. Na gani da idona a talabijin ɗinsu. Wayarsa ma ba ta shiga. Sai haƙuri."

Kafin ya tayar da mota, "Allah ya jiƙansa" ta fara zubowa daga Kumasi, daga Accra, daga ko'ina.

A al'adarsu kuwa, ba a gaya wa uwa mutuwar ɗanta haka kwatsam. Manya ake tarawa su je su zauna da ita, a yi ta kewaye-kewaye har zuciyarta ta shirya. Masawudu ya san wannan sarai. Abin da ya manta shi ne mahaifiyarsu, Mma Rashidatu, tana cikin group ɗin. Ba ta karatu, amma duk muryar da ta shigo sai ta saurara. Ga ta da hawan jini, tana zaune a unguwar Abbey Wood, nan London, wurin ƙanwarsu Faridatu.

Sai ga kiran Faridatu, tana kuka.

"Yaya, me ka yi? Me ka yi mana? Mma ta ji voice ɗinka ta yanke jiki ta faɗi a kicin! Na kira ambulance, ba ta magana!"

Bai san yadda ya isa asibitin ba. Aka shigar da Faridatu ciki, shi aka bar shi a baranda yana kai da komo, tsoro ya cika shi. Wajen azahar wayarsa ta yi ƙara. Ya duba. Abdul-Samed ne, a bidiyo, lulluɓe da bargo a cikin wani zauren makaranta.

"Yaya, lafiyata ƙalau. Muna kan tudu, network ne ya ɗauke. Wai me nake gani a group? Wa ya ce na mutu?"

"Matar... matar labarai ta yi ihu. Taswira ta yi ja."

"Haba Yaya! Ai gargaɗi ne. Da gangan suke yi. Shekarun baya da girgizar ƙasa ta turo babban ruwa daga teku, a hankali aka yi sanarwa, wasu suka ɗauka ba komai, suka zauna. Shi ya sa yanzu suke ɗaga murya don kowa ya gudu. Ni ma ihun nan ne ya fitar da ni ko takalmi ban sa ba. Ruwan bai ko shigo unguwarmu ba. Bidiyon da ake yawo da shi kuma tsoho ne, tun kafin in zo ƙasar nan." Ya ɗan yi dariya. "Ba ni Mma in kwantar mata da hankali."

Masawudu ya juya ya kalli ɗakin da aka shigar da Mma. Daidai lokacin ƙofa ta buɗe, Faridatu ta fito, likita na biye da ita. Mayafin Mma ne a hannunta. Ko kallon yayanta ba ta yi ba.

"Yaya? Kana ji na? Ina Mma?" in ji Abdul-Samed ta cikin waya.

Mma Rashidatu ta bar duniya tana kukan ɗan da yake raye. Ihun da ya ceci Abdul-Samed a Japan, shi wansa ya ɗauka ya kai wa mahaifiyarsu ba tare da ya fahimci me ake nufi da shi ba.

Ya kai mai karatu, kowace ƙasa da yadda kafafen yaɗa labaranta ke ba da labari, kuma da dalilinsu. Abin da ka gani a allo ba ka gane shi ba, kada ka mayar da shi sanarwa. Ka bincika, ka jira tabbaci, ka kuma tuna wa zai ji kafin ka danna turawa.