Katin Inshorar Yaya Bintu

"Sai bayan kwana sittin sabon kati zai fara aiki," in ji ma'aikacin inshorar lafiya.

Kwana sittin? Ƙanwata Shatu tana waje cikin adaidaita, tun daga garin Gwiwa take naƙuda da zubar jini. Likita ya ce sai an yi tiyata yau. Kuɗin aikin kuwa, ko rabinsa ba mu da shi.

Na fito na danƙa mata katina. "Daga yanzu sunanki Bintu. Gyara hijabinki, ai kamarmu ɗaya."

"Yaya, ba za a gane ba?"

Ba a gane ba. Aka yi aikin a Kazaure. Jaririya ta rayu, Shatu ba ta farka ba.

Bayan wata biyar ciwon ciki ya kayar da ni. Likita ya ce tiyata, yau ɗin nan. Ina goye da marainiyar, na miƙa katina.

Ma'aikacin ya duba kwamfuta, ya harare ni.

"Baiwar Allah, ki ji tsoron Allah. Mai katin nan ta rasu wajen haihuwa, an rufe shi."

Ya turo min takarda.

"Cike sabo. Kwana sittin ne kawai."