Mai Gadin Kwalba

Kai da kake cewa binciken ilimi aikin masu manyan takardu ne, talaka ba shi da abin kaiwa, gyara zama ka ji wannan.

An yi wani manomi a can arewa, inda ƙasa rairayi ce, damina kuma ba ta cika alkawari. Wata shekara masu binciken yanayi suka zo ƙauyensu neman 'yan sa kai. Ba albashi, ba ko ɓarin goro. Za a kafa maka wata kwalba mai zane-zane a kan turke, kullum in ka idar da sallar asuba ka leƙa, ka rubuta inda ruwan sama ya kai, ka zubar, ran Juma'a ka karanta musu ta waya. Kowa ya sulale, shi ya ce a kafa a bakin gonarsa. Ai kuwa ya sha tsiya! Mai Gadin Kwalba suka sa masa, har a wurin suna da biki.

To amma ya yi wani kuskure irin namu. Ka san mu, in aka ce maka “ina ruwa?” sai ka ce “ya yi gyara”, ko da ƙasa na tsagewa. Shi ma ranar da aka yi ruwa sai ya rubuta da murnarsa, ranar da ba a yi ba ya bar wurin fari fat. Gani yake rubuta “babu” kamar kai ƙarar Ubangiji ne wurin bayinsa. Da shugabar masu binciken ta zo zagaye ta duba littafin, sai ta ce, “Baba, in ka bar wuri haka, ba mu sani ba ko ruwa ne bai zo ba, ko kai ne ba ka leƙa ba. Wannan babun ita muka fi nema.” Ya kwana biyu yana juya maganar. Daga bisani ya ga cewa Wanda ya saukar da ruwa Shi ne ya riƙe shi, faɗin abin da ido ya gani kuwa shaida ce, ba ƙorafi ba. Tun daga nan yake rubuta babu, shekara bakwai bai tsallake safiya ɗaya ba.

Sai aka yi wata muguwar shekara, rumbuna suka ƙare tun kafin bazara. Abin da ya rage masa duk duniya tiya uku ce ta irin gero, ɗaure cikin tukunya. In ya shuka ta ƙone, shi ke nan, ba iri ba tuwo. Ruwan farko ya sauko kamar da bakin ƙwarya, ƙasa ta ɗau ƙamshi, gari ya fita da sungumi. Shi ma ya ɗauko nasa, sai ga saƙon masu binciken a waya: a dakata da shuka, alamu na nuna ruwa zai ɗauke kusan mako uku. Wallahi ya ji tsoro. Maƙwabta na shuka, uwargidansa na tsaye da ƙwaryar iri tana kallonsa. Ya kira shugabar ya ce, “Yarinya, gaibu kuka fara sani?”

Ta ce a'a, gaibu na Allah ne, wannan kirdado ne, yana iya kuskurewa. Sannan ta gaya masa abin da bai taɓa sani ba. Ashe ba shi kaɗai ba ne. Akwai dubban irinsa, masunta da makiyaya da matan lambu da limamai, tun daga bakin teku har bakin hamada, kowa da kwalbarsa. An tara rubutunsu na shekaru an haɗa da abin da tauraron ɗan'adam ke hangowa daga sama, aka ga duk shekarar da ruwa ya fara ta wannan hanya, fari na biyo baya. Ta ce, “Ranakun babunka suna ciki, Baba.” Ya tsaya da sungumi a hannu yana tunanin mutanen da bai san ko sunansu ba, masu wani yare, kowace safiya suna sunkuyawa kan kwalba lokacin da shi ma yake sunkuyawa. Ba abin da ya iya cewa sai “Allahu Akbar”. Ya bi gona-gona yana faɗa wa mutane, ƙalilan suka ji, sauran suka yi dariya. Ya koma gida ya mayar da irinsa cikin tukunya.

Kwana goma sha tara rana na dukan ƙasa. Shukar gari ta tsiro, ta yi yaushi, ta ƙone ƙurmus. Sau goma sha tara yana rubuta babu, ba da daɗin rai ba, don gonakin 'yan'uwansa ne ke mutuwa a gabansa. Ran kwana na ashirin hadari ya haɗo daga gabas, ruwa ya zauna sosai. Ya kwance tukunya, ya shuka tiya biyu. Ta ukun kuwa ya zauna a ƙofar gida yana rabawa da tafin hannu, waɗanda irinsu ya ƙone suna miƙo hula da bakin riga. A shekarar nan ba gidan da bai ga zangarniya ba.

Shi ya sa Hausawa suka ce, da yayyafi kogi kan cika.