Azurfar da Aka Goge

Wata tsohuwa ta dire akwati a kan teburina tana haki, ruwan saman birnin Utrecht na ɗiga daga rigarta.

"Sulallan azurfa ne, ɗari uku. Mijina ya saye su a dunƙule tun muna matasa. Yanzu yana gidan kula da tsofaffi, kuɗin wurin ya fi ƙarfina. In aika a tantance darajarsu, ko in ci gaba da ajiya?"

Na sa gilashi a ido, na duba ɗaya, na duba goma. Duk suna walƙiya kamar sabon cokali. Shekara talatin ina sana'ar cinikin tsofaffin sulalla, har yau maganar nan nauyi take min.

"Madam, wa ya goge su?"

"Ni mana. Duk Asabar."

"Dushewar da kika kankare, ita masu tara tsofaffin sulalla ke saye. Yanzu sai dai a auna su a sikeli, a biya kuɗin azurfar kawai."

Ta ja kujera ta zauna.

"To, auna. Amma bar min guda. Mijina ya manta sunana, amma in na sa masa mai ƙyalli a tafin hannu, yakan ɗago ya dube ni."