Inda Ruwan Rijiyarmu Ya Biyo

"Ajiye wayar nan ki ci abinci," in ji mijina.

Ko kallonsa ban yi ba. Wata uku ke nan da muka binne 'yarmu Auta, wata uku ina bin darussan kimiyyar ƙasa a intanet. Likita ya ce gubar dalma a ruwan rijiyarmu ce ta kashe ta. Ni kuwa na rantse sai na maka masana'antar bayan layinmu a kotu, da hujja a hannuna.

Ranar, malamar darasin ta zo kan ruwan ƙarƙashin ƙasa. Ta ce yawanci gangare yake bi, kamar na sama. Ta nuna shafin da ake duba tudu da kwarin kowace unguwa.

Na buɗe shafin na nemo gidanmu. Ga rijiyar. Ga masana'antar, can ƙasa da mu. Ruwanta ba ya zuwa wajenmu.

Na bi tudun da yatsa. Ya kai ni bayan ɗakinmu, kan ramin da mijina ke zuba ruwan tsofaffin batiran da yake gyarawa, masu cike da dalma.

Da can a shago yake aikinsa. Ni na matsa masa ya dawo gida da shi, don Auta ta riƙa ganin babanta. Ni na nuna masa inda zai haƙa ramin.

"Maman Auta, kin kama su?" ya tambaya, idanunsa jajur.

Na kife wayar a cinyata.

"Data ta ƙare," na ce.