Sunan da Yaya Ya Raɗa

Manhajar sayar da tikiti ta sake mutuwa, layin fasinjoji har ya kai bakin titi.

"Auta, motar farko fa za ta tashi wayam!" Manajan tashar ya tsaya mata a ka yana kaɗa makullai.

Ba ta ɗago ba. Ta buɗe manhajar farautar kuskure, mai nuna daidai inda aiki ya tsaya. Lambobi tsirara ta gani, babu suna ko ɗaya. Ta ɗora fayil ɗin da ke nuna sunan kowace lamba, sai ga wani suna mai layi uku, haruffa da lambobi a cakuɗe, yadda na'ura ke murɗe sunan da mutum ya raɗa.

A sashen manhajar da yayanta ya rubuta matsalar take, sashen da girman kai ya hana ta leƙawa. Tun ranar da ta ce masa a gaban ma'aikata ta fi shi iya aikin, ya tattara ya bar mata kamfaninsu na manhaja. Ko gaisuwa ba ta haɗa su.

Ta ba da umarnin warware sunan. Tarkacen ya zube, layi ɗaya ya rage:

idan_kin_iso_nan_ki_kira_ni_auta

"Me layin ya ce?" in ji manajan.

Tuni ta danna lambar yayanta, wayar tana kunnenta. Bugu ɗaya aka ɗauka.

"Kin daɗe ba ki iso ba," in ji Yaya. "Karanto min layin da ke sama."