Dalilin Zama Ungozoma

Makarantar ungozoma ta Sakkwato ta ce kowace mai neman shiga ta rubuta dalilinta. Budurwar ta wuni a tsakar gidansu a Gwandu, takardarta fara fat.

"Inna, me zan ce? Ko haihuwa ban taɓa gani ba."

Mahaifiyarta ta ajiye faifai, ta nuna ƙanen budurwar, saurayi zanƙalele da ke sauke buhun gero.

"Ranar naƙudarsa babanki na kasuwar Kalgo, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, ba mai jin kirana. Shekarunki biyar, ɗiyata. A zanenki ya faɗo. Ke kika share masa baki har ya yi kuka."

Budurwar ta daɗe tana kallon ƙirjin ƙanenta yana hawa yana sauka, sannan ta fara rubutu.